Wutar Rumbunan Unguwar Marke

Wutar ta ci rumbunan Unguwar Marke ranar kasuwar Rogo, bayan azahar, lokacin da yawancin mazan garin suka tafi cin kasuwa. Kafin su dawo rumbuna shida sun zama toka, dajin da ke yamma da gari kuma ya ƙone ƙurmus har bakin rafi. Ba a rasa rai ba. Amma a wannan shekarar rasa hatsi da rasa rai ba su da nisa da juna. Zamanin yaƙin Turawa ne, ana ɗibar samari zuwa Bama, ana kuma bin ƙauyuka ana karɓar dawa don a ciyar da masu haƙar kuza a Jos.

Kafin rana ta faɗi an sami mai laifi. Mutanen ƙauye ba sa shan wahalar neman mai laifi matuƙar akwai ruga kusa. Suka je suka kamo Hammawa, Bafulatanin da ya yi shekara da shekaru yana zaune yamma da su, shanunsa suna kwana a gonakinsu da rani suna bar musu taki. Suka ɗaure shi a gindin marken ƙofar mai unguwa.

Da safe Dagaci ya turo mutum biyu. Na farko dogari ne, Audu, da igiyarsa, da umarnin ya wuce da Hammawa gaban alƙali a Karaye bayan la'asar. Daga can kuwa sai kurkukun Kano, shanunsa kuma a raba wa masu rumbuna. Na biyu shi ne Maharazu mai bin sawu, tsohon maharbi, dogo, busasshe, mai gajen haƙuri. Ya fi yarda da ƙasa a kan mutane, wai don ƙasa ba ta da suruki a gari.

* * *

Mai unguwa Shitu ya tari Maharazu a zaure. Aka gaisa, aka jajanta, aka yi addu'ar Allah ya mayar da alheri.

"Ai da Dagaci bai wahalar da kai ba, Malam Maharazu," in ji Shitu. "Wuta daga daji ta taso. Wa ke ƙona daji? Kowa ya sani."

"Wa ya gan shi, ranka ya daɗe?"

"Sai an gan shi?"

"To, wa ke gari da abin ya faru?"

"Mata da yara, sai ni da ƙafa ta hana. Sai Sarkin Noma, Allah ya sa bai je kasuwa ba. Ba don shi ba, da gidajen ma sun tafi."

Sai lokacin Maharazu ya kula da wani dattijo a lungun zauren, hannunsa na hagu a naɗe da tsumma. Liti ke nan, Sarkin Noman garin. Shi ke kiran gayya duk shekara bayan girbi, a ɗauki fartanya a share wani fili mai faɗi tsakanin gari da daji, a kankare shi har ƙasa don kada wutar rani ta sami abin takawa ta shigo. Su a nan ɗamara suke kiran wannan sharar, kuma tun da Liti ya karɓi aikin wuta ba ta taɓa tsallake ta ba.

"Sannu, Sarkin Noma. Hannun da sauƙi?"

"Da sauƙi. Jinkar rumbu ce na kama tana ci."

"Bana an yi ɗamara kuwa?"

"An yi," in ji Liti. Bai ɗago kai ba.

"An yi, amma wuta ta tsallako."

"Iska ce," Shitu ya yi caraf ya amsa. "Kai ma ka san iskar bana."

Maharazu ya san iskar bana sarai. Daga gabas take busowa, kamar ta bara, kamar ta kowane rani tun da aka haife shi. Ruga kuwa tana yamma. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

* * *

Hammawa yana zaune a ƙasa, igiya ta ci wuyan hannunsa, leɓensa ya fashe. Matasa sun kewaye shi daga nesa, wasu da sanduna. Dogari Audu yana gefe yana fama da ƙwaryar fura da aka kawo masa, bai da niyyar raba hankalinsa biyu.

Maharazu ya tsuguna. "Kana ƙona daji?"

"Ina ƙonawa, Bappa. Duk shekara."

Matasan suka ɗau hayaniya. "Kun ji ko! Da bakinsa!"

"Ku yi mana shiru!" Maharazu ya daka musu tsawa. "Yaushe kake ƙonawa?"

"Da kaka, ciyawa da sauran ɗanyenta, da sassafe raɓa ba ta bushe ba. Wutar ta yi tafiyar tsohuwa, ta mutu da kanta, toho ya fito shanu su ci. Sarkin Noma ya sani, tare muke zaɓar ranar. Amma yanzu? Ciyawa ta bushe ƙayau. In na sa wuta yanzu, me shanuna za su ci har ruwa ya sauka? Maruƙana biyu suna can a bakin rafi sun ƙone, ba a ma bar ni na je na gan su ba."

Muryarsa ta karye a kan maganar maruƙan, ba a kan maganar kurkuku ba. Wannan ya taɓa zuciyar Maharazu, ko da yake da za a yanka shi ba zai yarda ya nuna ba.

"Jiya ba ka ga hayaƙi ko'ina ba?"

Hammawa ya dubi taron. "Da hantsi na ga Halliru yana turara wa gafiya hayaƙi a gindin suri."

Duk idanu suka koma kan wani ƙaton mutum a bayan taro, wanda ya fara ja da baya a hankali kamar ya tuna ya bar wani abu a gida.

* * *

Halliru ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin ubansa, tun ba a tambaye shi komai ba. Maharazu ya tasa shi gaba har cikin ƙonannen dajin. Ƙasa baƙa ƙirin, toka tana tashi a ƙafafunsu, shirwa tana shawagi tana neman gasassun ƙadangaru.

"Ga ramin nan, Baba. Wallahi na toshe shi da ƙasa, na tattake wutar da ƙafata. Gafiyar ma ban samu ba!"

Maharazu bai saurare shi ba. Yana duban itatuwa. Wuta dabba ce a wurinsa, tana da sawu kamar kowace dabba. Inda aka haife ta siririya ce, tana tafiya tana faɗi. Idan iska ta koro ta, takan naɗe gindin itace, ta fi yi masa baƙi ta bayan da iskar ba ta bugu ba. Ya duba kaɗanya, ya duba ƙirya, ya duba surin kansa. Duka labari ɗaya suka ba shi. Wutar ta iso nan da girmanta, a guje, daga gabas.

"Je ka gida," ya ce wa Halliru. "Amma in na sake jin ka kunna wa gafiya wuta a rani irin wannan, kai zan tura cikin ramin."

Halliru bai jira a maimaita ba.

Maharazu ya juya ya bi sawun wutar da baya. Ƙunar ta yi ta tsukewa, ta yi ta tsukewa, ta ƙi nufar ruga, ta kai shi har bakin ɗamarar gari. Nan a gefen daji ya tsinci guntayen igiya ƙonannu, irin wadda ake ɗaure jinka da ita. Ya juya su a tafin hannunsa. Ashe ba daji ne ya ƙona rumbuna ba. Rumbuna ne suka ƙona daji, iska ta kwashi jinkarsu tana ci ta jefa ƙetaren shara.

* * *

Rumbunan a jere suke a gefen gari, nesa da gidaje, yadda aka saba ajiye su saboda gobara. Biyar sun huce, sai farar toka da duwatsun gindi. Na shida, na ƙarshe ta gabas, har yanzu yana hayaƙi. Wata mace tana tone shi da kara, tana tsince abin da za ta iya tsincewa a faifai.

"Sannu, baiwar Allah. Naki ne?"

"Nawa ne, Malam. Kubura sunana. Mijina ya rasu bara, marayu huɗu ya bar mini. Ni da su muka noma wannan, dami ɗaya-ɗaya muka kawo ta a ka." Ta share ido da gefen zane. "Ka ga na kowa ya mutu tun jiya, nawa ne ya ƙi mutuwa. Ko wutar ma ta san marar gata."

Ƙamshin gasasshiyar dawa ya cika wurin. Kaji sun taru a kan nata suna ta caccaka duk da zafi. Maharazu ya koma kan sauran biyar ɗin, ya tura sanda cikin toka, ya kwasa ya murza a hannu. Kara, zana, igiya. Ƙwayar hatsi kuwa sai ka nema. Ko kaza ɗaya ba ta kula su ba.

Rumbun da ke cike da dawa ba ya ƙonewa a yini ɗaya, sai ya yi kwanaki yana ci ta ciki.

"Su wa ke da waɗannan?"

"Na mai unguwa biyu, na Sarkin Noma ɗaya, sauran na 'yan'uwansu."

"Yaushe aka ce masu karɓar hatsi za su zo?"

"An ce kasuwa mai zuwa." Ta dube shi. "Me ya faru, Malam?"

"Ba komai. Ci gaba da tsintarki."

Dawar rumbu biyar ba ta tashi sama. Maharazu ya nemi suri mafi tsayi a bakin daji, ya hau da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, yana tsine wa tsufa. Ya kare ido da hannu. Baƙi ne ko'ina har iyakar ganinsa, sai can kudu maso yamma, wajen wani kufai, ya hango ɗan tsibirin ciyawa tsaye, ja-ja-ja, wuta ba ta taɓa shi ba.

* * *

Kufan tsohuwar marina ce, masu rinin sun tashi tun kafin zuwan Turawa, sun bar rijiyoyinsu a bushe. Maharazu bai shiga ba tukuna. Ya tsaya a bakin ciyawar yana kallon abin da ya tare wutar.

Shara ce. An kewaye kufan kaf da fartanya, an kankare har ƙasa, an janye ciyawar ciki, an faɗaɗa ta gefen gabas inda iska ke fitowa. Ɗamara ce sak, ƙarama, aikin gwani. Ƙasar da aka sare ko ɓawo ba ta yi ba. Ya durƙusa ya bi saran ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk sun karkata ta gefen da saran mutane ba ya karkata.

Ya shiga ya caka sanda a bakin wata rijiya da aka rufe da ƙasa da busasshen ganye. Sandar ta bugi itace, ta ratsa zana. Da ya zaro ta, ga zangarniyar dawa maƙale a bakinta.

Ya daɗe a zaune a wurin. Shi ma yana da jikoki, ya kuma san abin da ake bar wa gida idan masu karɓar hatsi sun wuce. In ya faɗi duk abin da ya gani, za a kwashe wannan dawar, garin ya ci ganye har kaka. In ya yi shiru, Hammawa ya tafi Kano. Ya tofar da yawu, ya mayar da ƙasa ya rufe hudar.

* * *

Da aka idar da sallar la'asar Maharazu ya ce a taru a zauren mai unguwa: Shitu, Liti, Halliru, Kubura, da masu sauran rumbunan. Ya sa aka shigo da Hammawa da igiyarsa. Dogari Audu kuwa fura ta riga ta yi aikinta, yana gindin marke yana minshari, Maharazu ya ce kada wanda ya kuskura ya tashe shi.

"Halliru, ba kai ba ne. Wawa ne kai, amma ba kai ba ne. Tsaya a ƙofa, kada kowa ya leƙo."

Ya zube guntayen igiyar jinka a tabarma. "Wuta daga rumbu ta fita, ba daga daji ta shigo ba. Hammawa kuwa yana yamma, iska tana gabas. Sai dai in ya iya tura wuta ta yi iyo a kan iska."

"Ai yana iya zagayowa ya kunna," in ji Shitu.

"Yana iya. To shi ya kwashe muku dawar kafin ya kunna?"

Maharazu ya zaro zangarniyar daga aljihu ya ajiye kusa da igiyar.

"Na je marina."

Wani daga cikin 'yan'uwan Shitu ya yi salati a hankali. Kubura tana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane ba tukuna.

"Ɓoyon ya yi kyau," Maharazu ya ci gaba. "Da an bar wuta ta bi ta kai, da ni ma na wuce ban gani ba, don ƙasar da aka rufe da ita ta isa ta kare hatsin. Amma akwai wanda zuciyarsa ba ta bar shi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana share wa gari hanyar wuta ba zai iya kunna ta bai fara kewaye abin da yake so ba. Ya san ba ta da alkawari. Sai ya je shi kaɗai ya yi wa marina ɗamara, tun wutar ba ta tashi ba." Ya juya. "Saran bahago ne, Sarkin Noma. Wanda ya ga jinka tana ci, da hannun da ya fi yarda da shi yake kama ta."

Liti ya dubi hannunsa na hagu da ke naɗe. Bai yi musu ba.

"Ni ne," ya ce. "Shawarar tamu ce mu huɗu, amma ni na kunna. Mun ce in sun zo su tarar da toka, su wuce. Na zaɓi ranar kasuwa don kada a ji wa kowa. Na auna iska, na ce za ta kwashe wutar ta yi yamma da ita ta mutu a ɗamara, na Kubura yana gabas ba abin da zai same shi. Sai guguwa ta taso a tsakiyar rana, ta watsa min ita gaba da baya."

Kubura ta miƙe tsaye.

"Sarkin Noma. Kai ka yi wa gawar mijina wanka. Ka tafi cikin daji ka share wa rami, ni da nake nan kusa da kai ba ka share mini ba?"

"Da na share naki, da an gani, an yi tambaya."

"Me ya hana ku gaya mini in kwashe?"

Ai amsar ba ta faɗuwa: sun ga mace ce, sun ce bakinta ba zai riƙe ba.

Shitu ya matso, ya kama gefen rigar Maharazu, dattijo da furfurarsa. "Malam, don Allah, don Annabi. In maganar nan ta kai Karaye, yaranmu ba za su ga damina ba."

"Yaran Hammawa fa, ranka ya daɗe? Ko su ba sa cin abinci?" Maharazu ya fizge rigarsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. "Jiya kuna kallo aka fasa masa baki, kun san abin da kuka sani."

Ya juya ya fuskance su duka.

"An aiko ni in nemo wanda ya sa wuta. Ba a aiko ni auna hatsi ba. Igiyar can ba za ta tafi Karaye babu kowa a cikinta ba, kuma ba Hammawa za ta kai ba. Rumbun Kubura a sake gina shi a cika mata daga marina, dami da dami. Maruƙa biyu a mayar wa mai su. In na ji an rage ko zangarniya ɗaya, zan tuna hanyar kufai a gaban Dagaci."

Liti ya tashi a hankali. "Zan ce wa alƙali ina ƙona shara a gindin rumbuna wuta ta ƙwace mini. Ba ƙarya ba ce duka." Ya tsuguna gaban Hammawa, ya fara kwance ƙullin da hannu ɗaya da haƙori. Ya daɗe yana fama, ba wanda ya iya tashi ya taya shi.

"Ka yafe mini, Hammawa."

Hammawa ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Ya dubi Liti, ya dubi Shitu, ya dubi sauran, mutanen da ya ci bikin sunan 'ya'yansu, suka ci na nasa.

"A ka kuka yi ta jidarta har marina?" ya tambaya.

"A ka," in ji Liti.

"Ina da takarkarai uku, Sarkin Noma. Da ka zo ka gaya mini, da ni zan kwashe muku."

Ya fita bai waiwayo ba. Aka tashi dogari, ya sosa ido, ya ga an sauya masa mutum, bai tambayi dalili ba, ya sa wa Liti igiyar a hannun da ba ya ciwo.

Kafin kasuwar Rogo ta zagayo rugar ta tashi, ta yi kudu neman ciyawa. Maruƙan da aka kai masa ma bai karɓa ba. Dawa ta kai mutanen Unguwar Marke har kaka, ba wanda yunwa ta kashe. Sai dai a ranin nan ba saniyar da ta kwana a gonakinsu, haka ranin da ya biyo, duk da aiken da suka yi ta yi masa.